Ƙofar da Yaya Sanusi Bai Buɗe Ba

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sanusi, malamin kimiyyar sinadarai da ya yi zamansa a Aliero. Ya rasu a shekarar korona, gab da azumi, lokacin da zafi ke hana mutum sakat. Ban taɓa rubutu a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne wani labari da na ci karo da shi a waya kwanan baya, cewa masana a ƙasashen waje na ci gaba da gwada kashe ƙwayar korona da rini da haske. Na karanta, na ajiye wayar, na yi kuka mai isata, don wannan aikin ne Yaya Sanusi ya mutu yana mafarkinsa.

Ni malamar firamare ce a Jega, ban san kimiyya ba sai abin da ya cusa mini da ƙarfin tsiya. Mutum ne da in ya fara bayani, ko abinci na ƙonewa sai ka tsaya. Yadda ya fahimtar da ni, akwai wani rini shuɗi da ake ɗora wa wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, masana na ce musu nano. Su ne ke ɗaukar rinin su kai shi jikin ƙwayar cuta su manne. Rinin ba ya komai muddin yana cikin duhu. Sai an haska masa jan haske yake farkawa, ya harzuƙa iskar da ke kusa da shi, ita kuma ta yayyaga rigar ƙwayar cutar. Da farko saboda gyambo yake binciken, don yana ganin masu karaya da ake kawowa Aliero wurin ɗori, wasu ƙashi ya haɗu amma ciwon fata ya ƙi warkewa. Da korona ta ɓullo sai ya ce ai ita ma riga gare ta, kuma rigar ta maiƙo ce, ba ta da ƙwari.

Yatsunsa kullum shuɗaye. In ya je Maiyama gaida mahaifiyarmu, Inna, ya tarar ta jiƙa fararen kaya da bula ta shanya a rana, sai ya tsaya yana dariya, ya ce da ni, "Kin gani? Shuɗi da rana. Ni da Inna sana'armu guda, ita dai ba ta da farar riga irin tawa." Inna ba ta tanka masa. Ba ta taɓa tanka masa a gaban mutane ba.

Nan ne sai na yi wa matasa bayani, don al'adar ta fara gushewa. Yaya Sanusi ɗan fari ne, Inna kuma Bafulatana ce ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In za ta aike mu wurinsa, "wancan" take cewa, ko "yayanku". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallonsa ido cikin ido, ko ranar aurensa ɗaki ta shige. Mu ƙannensa mun sha goyo da lallashi, shi kuwa kakarmu ce ta raine shi. Bai taɓa ƙorafi ba, amma na san abin na cinsa. Ya taɓa ce mini cikin wasa, da Inna za ta kira sunansa sau ɗaya, da ya yanka sa.

Da aka rufe makarantu aka kulle ɗakin gwaji, ya zauna gida yana karatu kamar mai jarrabawa. Sai zazzaɓi ya kama shi, tari ya biyo baya, ya daina jin ƙanshin komai. A garin da warin albasa ke tarar baƙo tun daga bakin hanya, ya ce ya sa hanci cikin buhu bai ji komai ba. Shi ya san abin da ya kama shi. Ya turo matarsa da 'ya'yansa gidana Jega, ya kulle kansa, wani abokinsa ma'aikacin lafiya ne kaɗai ke shiga, shi ma a rufe ruf. Ya hana dubiya. A wurinmu kuwa hana dubiya kusan zagi ne, kuma mutane sun yi magana son ransu. Wasu suka ce boko ya juya masa kai, wasu suka ce mura ce yake wa girman kai.

Ranar da ban zata ba, sai ga Inna a ƙofar gidana, ta sauka daga kabu-kabu da ƙwaryar fura a ɗaure cikin zane. Mace mai hawan jini da ciwon ƙirji, ta ratso hanya tun daga Maiyama a lokacin da motoci ba sa tafiya. Ta ce in kai ta Aliero. Na yi roƙo, na yi bayani, ta dube ni kawai. Muka tafi.

Mun tarar da ƙofar a kulle. Na buga, na ce Yaya ga Inna. Sai tari muka ji daga ciki. Inna ta matsa, ta dafa ƙyauren da tafin hannu, ta ce, "Sanusi."

Ni kaina sai da na juya na dube ta, don ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Ta ce, "Sanusi, buɗe. Ni ce niz zaka."

Muryarsa ta fito ta taga, a shaƙe. "Inna, don Allah ki koma gida. In kin shigo, abin ga kama ki zai yi. Ki yahe mani, Inna. Ba ni buɗewa."

Ta daɗe tsaye a rana. Sannan ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta gyara mayafi, muka juyo Jega. Da yammar ranar ya kira ni, yana haki yana dariya yana kuka, ya ce, "Kin ji ta? Ashe ta san sunana. Ki hwaɗa mata ina bisa alkawalin yanka sa." Kwanaki kaɗan bayan haka numfashi ya gagara, aka kai shi asibiti, daga can bai dawo ba.

Na sha tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da aikin bai mutu ba, kuma na san zai fara ja mini kunne kada in zuzuta, don har yanzu gwaji ake, ba magani ne da za ka tarar a kanti ba. Ya tsani masu cewa an gano magani alhali ba a gano ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne yadda a kasuwar Jega har gobe za ka ji mutum ya buɗe baki ya ce ai korona ba ta zo nan ba. Ni dai in na ji haka tashi nake, don ba ni da haƙurin da yake da shi.

Inna kuwa tun daga ranar ta rufe zancen. Na isar mata da saƙonsa, ta kau da kai. Na san abin da ke ranta: ta karya kunyar shekara da shekaru, ta je da ƙafarta, aka mayar da ita daga bakin ƙofa, mutane kuma suka yi ta yayatawa. Duk da haka farar rigarsa guda ta hana a bayar sadaka. Duk shekara sai ta wanke ta da bula ta shanya.

Makon jiya na je Maiyama na tarar da rigar a igiya. Na zauna kusa da ita na nuna mata hoton da na gani a waya, kwalbar shuɗin ruwa ƙarƙashin jar fitila. Na ce irin aikin yayanmu ne. Ta riƙe wayar nesa da fuska tana dubawa, ta ce, "Da wanga abu ya samu, da ya tashi?"

Na ce Allah kaɗai ya sani.

Ta sake cewa, "Da ya buɗe fa?"

Na ce, "Da mun rasa ku ku biyu, Inna."

Bincikensa bai kammalu ba, ba a kuma sa sunansa a jikin komai ba. Abin da ya bari shi ne tsohuwar nan da ke zaune da rai, jikokinta na kai da kawowa a gabanta. Ta miƙo mini wayar, ta tashi ta taɓa rigar ta ji ko ta bushe. Ba ta juyo ba ta ce, "Allah shi jiƙan Sanusi." Rana ta biyu ke nan da na ji sunan a bakinta, na ce amin da ƙyar.