Ranar da Na Wanke Wayar Yaya

Shekarata ta farko a makaranta a Ƙaura, ni ne likitan waya na ɗakinmu. Ba wanda ya naɗa ni, babban yatsana ne ya ci sarautar. Waya ta yi nauyi, shafi ya ƙi buɗewa, sai ka ji an ce a kai wa gayen can. In karɓa, in juya baya don kada a ga sirrin, in shiga saitin burauza, in yi wa kowane akwati maki, in danna gogewa. Shaf-shaf. In miƙo ta ina hura hanci, in ce na wanke ta. Abin da nake gogewa kuwa ban san shi ba. Na dai ga an rubuta kukis a ciki, na ɗauka dattin intanet ne.

Da wannan burgar na koma Badarawa hutu.

Yayata shekara uku tana neman makarantar koyon aikin lafiya. Rannan, wata Laraba, tana tsakar gida tana sussukar gero da waya a gefen turmi, sai sunanta ya fito cikin waɗanda anka ɗauka. Ba ta yi guɗa ba, zama ta yi a ƙasa tana kallon allon. An ba da wa'adi zuwa azahar ranar Juma'a kowa ya shiga shafinsa ya danna ya karɓa, wanda bai danna ba a ba wani gurbinsa. Ta danna, abu na ta juyawa, ya ƙi wucewa.

Ta ce, "Auta, zo dibi wagga waya. Ba an ce kai ne gwani ba?"

Na ce, "Yaya, ƙaramin alhaki. Kawo in yi mata wanka."

Wallahi ko minti ɗaya ban yi ba. Na koma shafin, ya buɗe fes kamar an share, sai dai ya manta da ita. Inda kullum hotonta yake da farin hijabi, yanzu akwati biyu ne babu komai: suna da faswod.

Na ce, "Sa faswod ɗinki."

Ta ce, "Wane faswod? Ai wayar ta san ni."

Daga baya ne wani malaminmu na kwamfuta ya fayyace mana. In ka shiga shafi ka ce ya tuna da kai, sai ya bar ɗan alama a burauzarka. Duk sanda ka dawo, alamar yake dubawa ya buɗe maka ƙofa, kamar fentin da ake shafa wa sa a kasuwar Moriki don masu lodi su san na wane ne. Kukis ɗin ke nan. Tarkacen hotuna da ke cika waya akwatinsu daban, kuma kana iya goge na shafi ɗaya ka ƙyale saura. Ni ko na haɗa duka na kwashe, har da na imel ɗinta.

A wajenmu a lokacin ba wanda ya san faswod ɗinsa. Mai kafen intanet a Shinkafi shi ke buɗe wa kowa imel, ya cike fom, ya shigar da kai a wayarka, ya yi wa ɗan akwatin nan na "tuna da ni" maki, shi ke nan. Ka tafi kana sa masa albarka.

Yaya ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da sussuka.

Alhamis munka bi motar kasuwa zuwa Shinkafi, munka tarar kafen ya zama shagon aski. Mai askin ya ce oga ya koma Ƙaura, yana saida caja da gilashin waya a bakin tasha. Kafin mu gama tambaya la'asar ta yi, kuma hanyar nan ba a bin ta da yamma. Munka kwana gidan gwaggo, da sassafe munka ɗau hanya.

Munka same shi ƙarƙashin lema, ya ƙara ƙiba. Ya gane Yaya nan take.

"Malama ta Badarawa. An samu ke nan?"

"An samu, oga. Ga wanda ya ɓatar nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne injiniyan?"

Na yi fuska, na ce tsautsayi ne.

Faswod dai bai tuna ba, ya ce na mutum nawa zai riƙe a kai, littafin da yake rubutawa kuma gara ta cinye tun a Shinkafi. Amma ya ce ba matsala, a danna an manta, za su turo kod a waya. Munka danna. Shafin ya ce ya tura zuwa wata lamba, ya nuna ƙarshenta. Ba ta Yaya ba ce. Oga ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Tsohon layina ne. Duk wanda na buɗe wa, shi nake sa mashi, don ya fi sauri."

"To ina layin?"

"Yana wayar Innata. A Katuru."

Juma'a, hantsi ya yi, Katuru kuma tana can baya inda munka fito. Ko an samu mota ba ma kaiwa. Oga ya kira tsohuwar ya sa a sifika. Sai da anka yi gaisuwa tsaf, ya gida, ya awaki, ya ƙafa, Yaya na tsaye tana murza bakin hijabi.

Ya ce, "Inna, wani saƙo ya shigo wayarki. Ki kashe, ki danna babban maɓallin tsakiya, ki dibi lambobin, in sake kira."

Ta ce, "Waɗanga da ka shigowa kullum? Ni na aza kamfani na ka gaisuwa. To ni ɗan nan mi na sani ga boko?"

Yaya ce ta sunkuya kan wayar. "Inna, ba sai kin karanta ba. Ki hwaɗi mini kamannunsu kawai, daga hannun hagu."

"Wace ce wagga?"

"Ɗiyarki ce, daga Badarawa. Karatun asibiti nika nema."

"To, Allah shi ba da sa'a. Ku zo ku dibi ƙahwag ga tawa in kun gama."

Da munka sake kira ta fara jerowa. Na farko taɓarya. Oga ya ce ɗaya. Na biyu gyaɗa mai ɗiya biyu. Na yi tsalle na ce takwas. Sai ƙwai, sai hauya, sai wata gyaɗar, sai ludayi. Masu shagon kusa duk sun taru, mai lemo yana gardama da mai faci a kan ludayi shida ne ko tara. Ni da saurin hannuna ban jira ba, na sa shida na danna. Jan rubutu ya fito, ba daidai ba.

Yaya ta karɓe wayar daga hannuna.

Munka nemi sabon kod. Wannan karon Inna ta tafi korar akuya daga rumbu ta bi ta har waje, kuma sabis a gidan sai a gindin rumbun ta gabas, kafin a same ta lokacin kod ɗin ya ƙare. Shafin ya rubuto cewa saura gwaji ɗaya ya rufe sai gobe. Gobe kuwa ba ta da amfani. Lasifikar masallacin Juma'a ta fara gwaji, ni gumi har cikin takalmi.

Na ukun Yaya ce ta yi shi ita kaɗai, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ƙwai. Agwagwa tana iyo. Taɓarya biyu a jere. Hauya. Sai Inna ta ce, "Ga ludayin nan ya dawo."

"Inna, mariƙin yana sama ko yana ƙasa?"

Ta ce bari ta duba. Muna jin kaji.

"Ƙasa shi kai, awa an rataye shi da baki."

"Wayar fa, maɓallan suna wajen cikinki?"

"To da ina za su kasance?"

Yaya ta sa tara. Ta sa sabon faswod, tana rufe allon da tafin hannu don kada in gani. Hoton farin hijabin ya dawo. Ta danna karɓa, abin ya juya sau biyu, ya yi kore.

Ni na yi ihun, ni na zagaye lemar har na ture kwalin caja, mai faci na ce mini injiniya a yi a hankali. Yaya ta zauna kan bencin oga, ta cire lambarsa ta sa tata, sannan ta ce a sake kiran Katuru. Ta faɗa wa Inna an dace. Tsohuwar ta yi hamdala, ta ce to ita ƙafar ta hagu ce, daga gwiwa zuwa ƙasa, kuma ta fi tashi in hadari ya haɗu. Yaya ta gyara zama ta ce, "Tun yaushe ta fara, Inna?"