Injin da Yaya ya karkatar

Yayana ya yi ritaya daga aikin injiniya, maimakon ya huta kamar kowa sai ya kama ƙera jirgin sama a garejin gidansa na Handsworth, a Birmingham. Ƙarami ne, mai cin mutum biyu. Ni ina zaune a Whalley Range, can Manchester, ina zuwa duba shi jefi-jefi, kuma ban taɓa tafiya ban tsokane shi ba.

Ranar da ya ɗaura injin na tsaya a gabansa na ce, “Yaya, hancin abin nan a karkace yake. Ko idonka ne ya fara tafiya?”

Ya yi dariya. Ya ce farfela idan tana juyawa takan ja jirgi hagu, musamman wajen tashi, shi ya sa ake kautar da injin dama kaɗan. Ya nuna min wasu ƴan zobban ƙarfe da ya cusa ta gefe ɗaya. “Da gangan ne, ƙanwata. Idan na miƙe shi sak, a ciyawa zan ƙare.”

Da sanyi ya shigo ɓarin jikinsa ya shanye. Bakinsa ya mutu, hannun dama ma haka, amma hankalinsa garau yake. Duk wanda ya kalli idonsa ya san haka.

Ɗansa, haihuwar Birmingham, mutum ne mai tausayi da gaggawa. Ya tara abokan uban daga masallaci, suka yi gayya don su ƙarasa masa jirgin, ko ransa zai yi sanyi. Ban zo ba, ina wurin aiki. Suka turo Yaya a kekensa na marasa lafiya har bakin gareji. Da suka ga injin a karkace sai suka kalli juna, wani ya ce ashe ciwon ya daɗe a jikinsa. Suka zare zobban, suka miƙe injin a gaban idonsa. Yana gurnani yana dukan hannun keke, su kuwa suna ta “Sannu, Alhaji, mun kusa gamawa.”

Washegari aka tsince shi a ƙasan gareji, ya faɗo daga keke, sifana a hannun hagu. Aka kulle garejin. Aka gaya wa GP, wato likitansa, cewa ya fara ruɗewa, aka ƙara masa maganin da ke sa shi barci.

Da na zo na ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Ɗan nasa ya ce, “Gwaggo, he's confused. GP ma ya ce ana samun haka. Kowa ya ga engine ɗin ba daidai yake ba.”

Na ce, “Kowa ɗin, waye a cikinku ya taɓa tuƙa jirgi?”

Sai da wani dattijo da ke duba jirage a ƙungiyar su Yaya ta masu ƙera jirgi a gida ya zo ya tambayi wanda ya taɓa injin, sannan aka yarda da ni. Aka mayar da zobban, aka rage maganin. Ɗan ya durƙusa gaban uban yana kuka yana ba shi haƙuri.

Yaya ya dube shi, ya juyar da kai bango. Kafin wannan, kullum yana faman haɗa kalma, yana nuni da yatsa, yana fushi idan ba mu gane ba. Daga ranar ya daina. Ruwa ma ba ya nema, sai in an ba shi. Har ya rasu bai sake ƙoƙarin gaya mana komai ba.