Abin da Na Gani a Rumbun Baba

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina, ina koyarwa a wata firamare cikin garin Isa. Ina kuma da ɗan shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, inda nake rubuta abin da na gani a ƙauyenmu Kamarawa duk ranar da na je gida. Na fi shekara ina rubutu, amma masu karantawa ba su wuce abokan aikina ba. Waɗanda nake yi dominsu, 'yan garinmu da ke neman abinci a kudu, ko leƙawa ba sa yi.

Na yi wa yayana ƙorafi a waya. Shi lokacin yana gadi a Ikko. Ya yi dariya ya ce, "Wa za shi karanta dogon boko bayan ya wuni tsaye? Gwada muna gida mu gani."

Sai na fara sa hotuna: rijiyar bakin masallaci, matan da ke shanya ganyen tafasa, gulbi da ya koma yashi tun lokacinsa bai yi ba. Mutane suka fara zuwa. Wasu suka ce hotunan sun yi nauyi, suna cinye musu data, na koyi rage su. Wani kuma ya ce shi bai iya karatu ba, abokin ɗakinsa ke karanta masa abin da na rubuta a ƙasan hoto. Wannan ne ya sa na yi tunanin ɗaukar murya, kuma muryar da na fara tunawa ta Baba ce.

Baba manomi ne, bai taɓa wata sana'a ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "uwata" yake kirana. Na same shi a gona gindin gawo, na ajiye waya kan gwiwarsa.

"Wa ke ciki?" ya tambaye ni.

"Mutane, Baba."

Ya gyara hula, ya gyara murya. "To, salamu alaikum mutane."

Ya faɗi yadda suka yi binne, wato shuka kafin ruwa, yadda tsiron ya fito ya ƙone, suka sake shuka har sau uku. Bai yi kuka da kowa ba. Ana jin iska tana kaɗa busasshen ganyen gero a bayansa. Cikin kwana biyu aka cika ni da saƙonnin murya daga kudu, wani ma daga Maraɗi. Nakan tara su in kai masa ranar Asabar. Yana ji yana gane masu magana: wannan ɗan wane ne, wancan ni na riƙe shi aka yi masa aski. Sau huɗu muka yi haka, kuma ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta waɗannan makonni ba, alhali gonar tana mutuwa a gabansa.

Ni kuma wani kwaɗayi ya shige ni. Na lura hoto ya fi rubutu jawo mutane, murya ta fi hoto. Abokan aiki suna ce mini bidiyo ya fi su duka. Nakan duba yawan masu shigowa kafin in shiga aji, in sake dubawa idan an tashi tara.

Bayan an yi ɗan girbin da aka samu, wata Asabar da hantsi na iso gida Baba ya tafi jana'iza. Tsani na jingine da rumbu, murfin a karkace. A gidanmu Baba kaɗai ke leƙa rumbu; shi ke fito da dami ya miƙa wa Inna, mahaifiyarmu. Na hau.

"Sauko," in ji Inna daga bakin murhu. "Ba a leƙa mishi."

Na riga na leƙa. Ana ganin ƙasan rumbun. Dammuna kaɗan ne jingine a gefe guda, zangarniyoyin ƙanana, rabinsu ba ido. Rumbun da muna yara ake danna dami da ƙafa kafin ya rufu. Na fito da waya na ɗauka, daga ciki na zagayo waje. Bai kai minti ɗaya ba. Da na koma Isa na ɗora shi, ban faɗi gidan wa ba ne. Na gaya wa kaina don a san halin da ake ciki nake yi, kuma da gaskiya a ciki. Amma na san akwai ɗayan dalilin.

Ba abin da na taɓa sawa da ya yi nisa kamarsa. Yayana kuwa kallo ɗaya ya yi ya gane, don shi ya yaɓe tsagar jikin rumbun kafin ya tafi, sawun yatsunsa na nan a laka. Abin da ban sani ba shi ne, duk lokacin da suka yi waya Baba na ce masa hatsi zai kai mu damina, ya zauna ya riƙe aikinsa. Yaya ya nemi izini a wurin aiki aka hana shi. Ya ajiye aikin ya taho.

Asabar ta gaba na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba.

"Malama, wa ya aike ki?"

Ranar ya fara kirana Malama.

Na ce, "Baba, na so a sani ne."

"An sani. Har kasuwar Sabon Birni anka tsai da ni ana yi min jaje, awa wanda anka yi ma mutuwa." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Kuma kin tasam min yaro daga wurin abincinai."

Na goge bidiyon a gabansa. Ya riga ya bi wayoyi, babu mai kamo shi.

Bayan kwanaki, 'yan garinmu na kudu suka haɗa aka kawo buhunan masara a bayan kabu-kabu, aka sauke a ƙofar gidanmu da rana tsaka kowa na gani. Baba ya yi godiya, ya sa aka raba da maƙwabta, ya bar ɗaya saboda jikoki. Inna ta ce mini in an tuƙa tuwon masarar, loma biyu yake yi ya ture akushi. Yaya ya samu babur ɗin wani yana jigilar kaya zuwa Burkusuma, ya fita da safe ya dawo jikinsa duk ya mutu. Bai taɓa ce mini ni na jawo ba. Har yau ban san ko na cuce su ko na taimake su ba, don masarar nan ita ta riƙe yaran.

Na daina sa komai a shafin. Ina zuwa gida, ina gaishe da Baba, yana amsawa a taƙaice. Haka muka ƙare rani.

Da bazara ciwo ya kwantar da shi. Wata rana bayan azahar ina yi masa fifita, ya ce, "Abin ga naki na nan? Kunna."

Na kunna. Muryarsa ta shige ciki, sai da na kai wayar kusa da bakinsa.

"Salamu alaikum mutane. Wanda ke da iri, kar shi ci, ko yunwa ta kai ina. Wanda ya cinye nashi, shi zo gidana. Ina da janjari, dawa mai saurin nuna, cikin tulu ɗakin uwar ɗiyana, na rufe da toka. Za ni ba kowa kaɗan." Ya huta, ya dube ni. "Shi tulun ba ki ɗauke shi hoto ba. Ki sa wanga, na yarda."

Na sa a ranar. Kwana tara bayan haka ya rasu, ruwan fari bai sauka ba.

Mutane sun zo karɓar irin tun muna zaman makoki. Inna ke aunawa da ƙaramar ƙwarya, ba ta yarda wani ya taɓa tulun ba. Na ƙarshensu wani dattijo ne daga Turba, ya zo a kan jaki bayan sadakar bakwai. Jikarsa ce ta kunna masa muryar, kuma labarin rasuwa bai kai gare shi ba. Ya tsaya ƙofar zaure ya yi sallama da ƙarfi, ya ce a yi masa magana da mai janjari. Yaya ya fita ya gaya masa. Tsohon ya daɗe tsaye riƙe da igiyar jakinsa, sannan ya zauna a ƙasa ya yi addu'a. Ya tashi zai tafi bai ƙara zancen iri ba, sai Inna ta aiko ni da ƙwarya. Na zuba masa a bakin rawaninsa, ya ƙulle.