Hannun Tatsar Inna Ma'u

A rugagen bayan Bauranya, in ana zancen tatsa, sunan Ma'u ake fara kira. Shekara arba'in tana durƙuso a gindin saniya, ko mai harbi ce ta ji yatsunta sai ta tsaya cik. Da nonon nan ta aurar da 'ya'ya biyar, ba ta taɓa dawowa daga kasuwar Kusada da kwantai ba.

Da daminar bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Baki ya miƙe, ƙafa ta dawo, hannu kuwa ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Ma'u ba ta san zaman jira ba. Ta samo totuwar masara ta cusa a tafin, ta wuni tana matsa ta kamar mai tatsa, wai kada hannu ya manta aikinsa.

Bana ɗanta Manu ya ce garke zai yi kudu bayan girbi, kuma ba zai bar mata shanunta uku ba in babu mai tatsarsu. Saura kwana tara a tashi ya ɗora ta a babur zuwa asibiti a Kankia, inda wata likita mai suna Shamsiyya ta zo daga Katsina da na'urar hoton jiki. Ma'u ta ce ita da ta yi jikoki me ya haɗa ta da abin duba masu ciki? Ta yi dariya.

Likita ta shafa mata wani mai mai sanyi a ƙasan gwiwar hannu, ta ɗora kan na'urar. Ta ce a hoton, shuɗi tsoka ce mai laushi, ja kuma wadda ta sandare. Hannun hagu ya fito shuɗi. Na dama ya fito ja wur, sai ɗan zirin shuɗi a gefe. Likita ta ɓamɓare yatsun a hankali, totuwar ta faɗo.

Ta yi bayani cewa tsokar da ke dunƙule hannun ita Ma'u ta yi wata da watanni tana ƙara wa ƙarfi. Yanzu miƙewa ake so, da gasa hannun kullum. Zirin shuɗin nan shi ne abin sa rai.

"Ɗiyata, gaya mani gaskiya. Kwana tara?"

"A'a, Inna. Sai dai shekara, ko fiye, in Allah ya yarda."

Manu ya sunkuyar da kai. Ma'u ba ta taɓa kwana babu kukan shanu a kunnenta ba. Ta daɗe tana kallon hoton kafin ta juyo wajen Manu.

"Tafi da su duka ukun. Ka bar mani 'yar maraƙar da aka haifa bana. Kafin ta kai tatsa, ni ma na kai."