Sallamar Yaya a Bakin Ƙofa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, ina cikin liƙe taya a rumfata ta faci, aka aiko in zo gida. Na tarar da sojoji biyu a tsakar gida, kowa hularsa a hannu. Suka ce jirgin saman da yayanmu yake tuƙawa ya faɗi a fagen daga, a hanyarsa ta kwaso waɗanda aka ji wa rauni. Yaya, tun da nake ban taɓa shiga gidanmu bakina a rufe ba sai ran nan.

Mutane suna ce maka matuƙin jirgin yaƙi, ni kuwa direban sama nake ce maka. Na sha roƙonka ka ɗauke ni yaron mota, in riƙa leƙo kai ta taga ina kiran fasinja. Ka ce da wannan surutun nawa, tun daga nesa abokan gaba za su ji zuwanmu.

Ba ka taɓa jin kunyar cewa ƙaninka iyakarsa allo da faci ba. Kakan zauna kan bencina da kakinka, ka riƙe min roba cikin ruwa muna neman inda take kumfa. Ko babur za ka hau, sai ka zagaye shi, ka matsa tayoyi, ka leƙa ƙasa. Na ce, “Yaya, auren babur ɗin za ka yi?” Ka ce, “Auta, inda nake aiki babu gefen titi da mutum zai tsaya ya duba.” Rabin motocin da ke zuwa rumfata na abokan aikinka ne. Kai ka turo su, ba ka kuma taɓa faɗa min ba.

In ka zo hutu, sallamarka daban take. Ka yi gyaran murya a bakin ƙofa, ka ce, “Umma, baƙon sama ya sauka, akwai ruwan sanyi?” Na kwaikwaye ka har na ƙware. In kana nesa sai in laɓe in yi ta, Umma ta fito da kofi tana tuntuɓe, ta ga ni ne, ta bi ni da takalmi tana cewa, “Ja'irin yaro, Allah Ya shirye ka!” Da na ba ka labari, dariya ka yi har da hawaye, sannan ka ja min kunne ya yi ja.

Tun da labarin rasuwarka ya zo, Umma ba ta yi kuka ba. Ba ta ga gawarka ba, can aka binne ku, kai da waɗanda kuke tare a jirgin. Tana zaune bakin gado, abinci ya huce a gabanta, masu gaisuwa su shigo su fita, idonta na kan ƙofa. Muka fara tsoron kada mu rasa ta ita ma.

Shekaranjiya da hantsi ta kira ni. Ta ce, “Auta, fita waje ka shigo min yadda yake shigowa.” Yayarmu ta ce, “Haba Umma, wannan ai ƙarasa ki zai yi.” Umma ba ta ko dube ta ba.

Na fita. Na tsaya a bakin ƙofa. Na yi gyaran muryar, na faɗi maganarka duka. Can na ji ta ce, “Shi muryarsa ba ta rawa. Shigo, Auta, kai ne.” Daga nan ta fashe da kuka, muka taya ta. Da la'asar ta ce a ɗumama mata abinci.

Ba zan sake yin sallamar nan ba, Yaya. Taka ce, ka tafi da abarka.

Ya Allah, bawanka ya fita ceton bayinka bai dawo ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da shahidai, shi da waɗanda suka faɗi tare. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa da 'yarsa da ba ta fara tafiya ba, da abokan aikinsa da har yanzu suke tashi. Umma kuwa, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya bar mana ita. Amin.