Fitila Ta Kama, Hoto Bai Zo Ba

Masta Iddi ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina kan tsani a wani shago a kasuwar Yendi. Fuseini ne ya kira daga Salaga, wanda muka koyi aiki tare a hannun Masta. Ya ce, "Awudu, sauko ƙasa tukuna." Na ce ina jinsa. Ya ce, "Masta ya tafi. Bayan asuba, a gida Salaga. Za a kai shi bayan azahar."

Mai shagon ne ya yi salati, ya riƙe mini tsani har na sauko.

Yanzu ina tasha, cikin motar da za ta bi ta Bimbilla, kuma ta ƙi cika. Matata ta ɓoye makullin babur, ta ce a wannan halin da nake ciki ba zan kai ko rabin hanya da rai ba. Na yi mata faɗa. Gaskiyarta ce, amma na yi mata faɗa.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Akwai maganar da nake so ta isa Bawku da Salaga kafin a sa mutumin nan a ƙasa, kuma ba ni da wata hanya sai wannan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Masta Iddi haifaffen Salaga ne, amma a Bawku ya yi suna. Shi ne mai saka kyamarar tsaro a shaguna da sito da gidajen fatake. Ni kuwa da girmana na je wurinsa, da gemuna, bayan na yi shekara da shekaru ina wayarin, wato jan wayar lantarki a gidaje. Na je da girman kai, ina ganin waya ai waya ce.

Ranar farko ya yanko kebul ya fere shi a gabana. Siraran wayoyi ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu. Ya ce, "Duba nan, malam mai gemu. Igiya ɗaya ce, aiki biyu take yi. Wuta ta bi ta cikinta ta je wurin kyamara, hoto ya biyo ta ya dawo ɗaki. Hanya ɗaya, kuma ba sa karo."

Idonsa har ƙyalli yake in yana wannan bayani. Sau ɗari na ji shi, bai taɓa gajiya ba.

Sai ya ƙara da abin da ya fi damunsa. Ita wuta ba ta da zaɓe, in tagulla ta taɓa tagulla ta wuce, ko da ɗaya daga cikin siraran ta tsinke za ta bi ta 'yar'uwarta. Hoto kuwa sai biyun sun kama sarai. Saboda haka doka biyu ya kafa mana. Ba a yanka wannan kebul a murɗa a naɗe da tef irin na wayarin gida. Kuma ba a cewa an gama aiki don an ga fitilar kyamara ta kama, sai an shiga ɗaki an ga hoto da ido.

Saboda hannuna ya saba da murɗa waya, sai ya sa mini suna Sarkin Tef. Har mai koko ta ƙofar shagonmu da shi take kirana.

Bai taɓa karya kumallo ba sai ya tabbata mun karya. Shi yake riƙe mana tsani da kansa, wai ba ya yarda da ƙafar kowa. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Yendi, rufe shago ya yi ya goyo ni a babur ɗinsa, ya zauna a tabarma yana ba ta labarin Salaga har ta yi dariya.

Wannan mutumin na ɓata wa suna.

Ga yadda aka yi. Ana saura kwanaki kaɗan babbar sallah muka sami aiki a gidan wani Alhaji mai fataucin raguna a Bawku. Mun saka duk kyamarorin, saura ɗaya, ta ƙofar baya, inda garken yake. Sai aka kira Masta wani aiki a Kulungugu. Ya miƙo mini filayarsa ya ce, "Ƙarasa. Yau kai ne masta." Shi ne karo na farko da ya bar mini aiki ni kaɗai.

Na ja kebul, ya gaza. Abin da ya rage bai kai tsawon hannuna biyu ba. Abin da ya kamata shi ne in koma shago in ɗauko sabo in sake ja tun daga ɗaki. Rana ta yi zafi, warin garke ya ishe ni, tsohon halina ya motsa. Na yanko guntu, na fere, na murɗa, na naɗe da baƙin tef, na cusa shi ƙarƙashin kwanon rufi inda ba mai gani.

Fitilar kyamara ta kama, ja jawur.

Akwatin da ke ajiye hoto yana falon Alhaji, shi kuwa ya kulle ya tafi ɗauko raguna. Da na jira shi, da na duba. Ban jira ba. Da yamma Masta ya kira ni ya ce, "Ka ga hoto?"

Na ce, "Na gani, Masta."

Ban gani ba. Wallahi ban gani ba.

Ranar Juma'a, mutane suna masallaci, aka shiga ta ƙofar bayan nan aka kwashe mafi kyawun ragunan. Alhaji ya aiko a kira mu. Gida cike da fatake 'yan'uwansa, kowa ya zo ganin fuskar ɓarawo a talabijin. Aka kunna. Ga ƙofar gaba, ga tsakar gida, ga sito. Gurbin ƙofar baya baƙi ƙirin, tun ranar da aka saka ta.

Alhaji ya juyo kan Masta a gaban kowa. "Kai, Iddi, fitila kawai ka sa mini. Wurin da ɓarawo zai shiga, shi ne kamera naka ya makance? Ni ba yaro ba. Kai da su baki ɗaya ne."

Masta ya ce in kawo tsani. Ni na riƙe masa, yana bin kebul da hannu a hankali har ya kai ƙarƙashin kwano. Na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa tef ɗin. Ya kwance, ya duba. Ɗaya daga cikin siraran ta zame, ba ta kama ba. Ya yanke wurin ya jefa aljihu, ya sauko.

Ya ce, "Alhaji, aikina ne, kuma ban duba ba. Laifina ne. Amma ban haɗa baki da kowa ba."

Ina tsaye a bayansa, tsanin na hannuna. Kalma biyu ce ta rage in faɗa: ni ne. Na tsaya ina kallon takalmina.

A hanyar komawa ya tsaya ya saya mini wake da shinkafa. Na jira faɗa, na jira mari ma, babu. Wannan shirun ne ya fi ƙarfina. Bayan sallah na tattara kayana na gudo Yendi, ban tsaya ya yaye ni ba, ko sallama ta kirki ban yi masa ba.

Ku da kuke Bawku kun san abin da ya biyo baya. Magana ta bi kasuwa, daga rumfar albasa zuwa ta hatsi, cewa Iddi mai kyamara yana barin wa ɓarayi ƙofa. Waɗanda ya yi wa aiki suka kira wasu su sake dubawa. Kira ya ɗauke. Ƙarshe ya rufe shago ya koma Salaga. Ni kuma a nan Yendi ina ta karɓar aiki da sana'ar da ya koya mini, ana yabona wai ba na barin wuri sai na nuna hoto.

Ganina da shi na ƙarshe, daminar da ta wuce ne. Na je suna a Salaga, na yi ta kewaye-kewaye don kada in bi ta layinsu, ƙarshe ƙafata ta kai ni. Na same shi a ƙofar gida da ɗan tebur, yana gyaran tocila da cajar waya. Ya rame. Gilashinsa ɗaure da zare.

Ya ɗago ya ce, "A'a, Sarkin Tef. Ashe ka san hanya."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi matata da yara, kowa da sunansa. Sai ya ce, "Yanzu kana duba hoto?"

Na ce, "Ina dubawa, Masta."

Ya ce, "To, ragunan ba su tafi a banza ba."

Na ce masa zan je Bawku in faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya kaɗa hannu. "Ka fara zuwa in yaye ka tukuna. Kawo goro, a tara mutane, in sa maka albarka a gabansu. Ba na son in bar aiki rabi."

Matarsa, Mma Hawa, ta kawo mini tuwo da miyar ayoyo. Tana zuba mini ruwa tana cewa, "Ɗana, waɗanda suka ɓata sunan Mastanku, na bar su da Allah." Ba ta sani ba. Bai taɓa gaya mata ba. Na cinye tuwon nan tas, ina amsa mata da amin.

Na ce zan dawo bayan damina. Damina ta wuce. Ban je Salaga ba, ban je Bawku ba.

Ɗazu Fuseini ya turo mini abin da wani ya rubuta a guruf ɗin 'yan kasuwa, a ƙarƙashin sanarwar rasuwar: Allah ya yafe masa abin da ya yi wa Alhaji. Fuseini ya ce, "Awudu, abin nan ya yi mini ciwo paa, ƙwarai da gaske. Masta bai yi komai ba kraa, ko kaɗan." Shi ma bai san ko wane ne ya yi ba, sai yanzu da zai karanta.

To ga ta a fili. Ni Awudu, ni na yanka kebul, ni na murɗa, ni na yi ƙarya na ce na ga hoto. Masta Iddi bai ci amanar kowa ba. Ni ya rufa wa asiri, ni kuma na bar shi ya mutu da sunan ɓarawo.

Don Allah, duk wanda yake Bawku kuma ya san Alhajin nan, kada ya tura masa kawai. Ya je ya karanta masa a kunne, yanzu, kafin azahar. Ya ce masa ina Yendi, ba zan gudu ba, duk abin da ya ga dama ya yi da ni. Ya dai janye maganar da ya faɗa a kan Masta, a gaban mutane, kamar yadda ya faɗe ta a gaban mutane.

Fuseini, direba ya ce saura mutum biyu, kuma ka san hanyar nan. Ba na jin zan riski sallar jana'izar. In liman ya tsaya ya tambayi jama'a shaidar da za su yi wa mamaci, ka tashi ka karanta wannan da ƙarfi. Kada ka tsallake sunana.

Ya Allah, bawanka Iddi ya zo gare ka. Ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, ka rufa masa nasa. Ka yalwata masa kabari, ka haskaka shi, ka wanke shi daga abin da mutane suka ɗora masa. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, ku tsaya minti ɗaya ku yi masa addu'a, ku ambaci sunansa da alheri a duk inda kuka taɓa jin an ambace shi da sharri. In addu'arku ta yi saura, ku roƙa mini Allah ya ba ni ƙafar shiga gidan nan yau, in durƙusa gaban Mma Hawa in gaya mata wanda ta bari da Allah.