Don Efraín, Mai Fentin Bas, a Rukuninmu

Don Efraín Cotom ya shekara talatin da ɗaya yana yi wa motocin bas fenti a bayan tashar Minerva kafin ya taɓa kwamfuta da hannunsa. Shi ke rubuta sunayen garuruwa a goshin mota, ya zana tsuntsaye da furanni a jikinta, ya ƙawata sunan matar mai motar ko na 'yarsa a gilashin baya. Da injinan buga sitika suka shigo garinmu Xela, sai aiki ya fara ja baya. Mai mota ya kai hoto da safe, kafin la'asar an manna masa. Don Efraín bai tsaya ƙorafi ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu sun yi aure, saboda haka ya ƙarasa sakandaren manya a ranakun Asabar, ya nemi jami'a, sashen zane. Yana da shekara hamsin da huɗu lokacin da na san shi.

Sunana Marleny, ajinmu ɗaya da shi. Shekara biyu muna gaisawa kawai. Kullum yana kujerar gaba, da hular kaboyi a kan gwiwa, da littafi mai bangon leda wanda yake kwafe duk abin da aka rubuta a allo a ciki, har da umarnin kwamfuta, harafi bayan harafi, da rubutu mai kyau kamar na katin biki.

A shekara ta uku Malama Ondina, mai koya mana tsara shafukan intanet, ta raba mu uku-uku da ƙuri'a. Kowane rukuni zai nemo wata sana'a ta gaske a gari ya gina mata shafi, a ƙarshen zango kuma kowane ɗalibi ya miƙa kundin ayyukansa. Ƙuri'a ta haɗa ni da Don Efraín da Wilmer Xicará, wanda ya fi kowa iya kwamfuta a ajin, kuma ya san haka.

Da muka fito Wilmer ya ja ni gefe. "Kin ga abin da ya same mu? Da yatsa biyu yake buga rubutu. Kafin ya nemo harafi ɗaya zango ya ƙare."

Ashe Don Efraín yana bayanmu. "Yatsa uku ne, Injiniya," in ji shi. "Na ƙara ɗaya a hutun nan."

Tun daga ranar sunan Wilmer ya zama Injiniya, shi kuma yana ce masa Kaka. Ni 'yata yake kirana.

Don Efraín ne ya samo mana aikin. Akwai wata ƙungiyar masu bas goma sha huɗu da ke jigila tsakanin Xela da garuruwan kwari, Almolonga da Zunil da Cantel, kuma duk ya san su tun suna kwandastoci. Suna son shafin da fasinja zai duba ya ga lokacin tashin mota da inda take tsayawa. Muka raba aiki: Wilmer ya gina shafin, ni in ɗauki hotuna in rubuta bayani, Don Efraín ya tattaro jadawalin motoci daga bakin direbobi. Gaskiya mun ba shi wannan ne don kada ya taɓa sauran. Ya gane, amma ya karɓa. Duk zaman da za mu yi sai ya zo da burodin sheca mai zafi a takarda, ya ajiye a tsakiya, ya ja kujera kusa da Wilmer yana kallo.

Cikin mako uku Wilmer ya gama tsarin farko. Fari fat, haruffa sirara masu ruwan toka, fili ko'ina. Ni kam ya burge ni. Don Efraín ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Ya yi kyau, Injiniya. Kamar asibitin masu kuɗi. Wa zai karanta?"

"Haka ake yi yanzu, Kaka. Duk duniya haka ake yi."

"To, mu kai wa duniyar ta gani. Gobe kasuwa ke ci."

Washegari da hantsi muka je tasha. Rana ta buɗe, ga hayaƙi, ga kwandastoci suna kiran garuruwa. Don Efraín ya tare wata mai sayar da albasa da karas, Doña Chabela, wadda ke jiran motar Almolonga da kwando a ka. Ya buɗe shafin a tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi ya miƙa mata.

"Ranki ya daɗe, duba mana ƙarfe nawa motarku za ta tashi."

Ta kare wayar da tafin hannu, ta matso da ita, ta nisanta. "Efraín, wayar taka a kashe take ai."

Muka gwada mutum bakwai. Biyu ne suka iya karantawa, su ma sai da suka shiga inuwa. Kunnuwan Wilmer suka yi ja. Don Efraín bai yi masa dariya ba. Ya saya mana kunun masara kofi uku, muka tsaya a gefen titi, ya nuna wata bas da ke can ƙetare.

"Me aka rubuta a goshinta?"

"Zunil," in ji Wilmer.

"Daga nan ka karanta, ko? Mai karanta wannan gudu take yi, da kaya a ka, da yaro a baya, rana a idonta. Ba ta da lokacin neman harafi. Rawaya a kan baƙi, ja a kan fari, harafi mai kauri. Ni abin da na sani ke nan. Yadda za a sa shi cikin waya, kai ka sani."

A ranar Asabar ya kai mu rumfarsa ta bayan tasha, ya ɗauko katako da buroshi, ya rubuta sunayen garuruwan da lambobi daga sifili zuwa tara, ba tare da ya ja layi ba. Hannun da ke laluben haruffa a kan kwamfuta ko kuskure ɗaya bai yi ba a nan. Na ɗauki hotuna na gyara su, Wilmer ya dasa su a shafin, ya ba kowace hanya launin motocinta. Sun yi gardama sosai. Don Efraín yana son tsuntsu a kowace kusurwa, Wilmer ya ce nauyin hotuna zai hana shafin buɗewa a ƙananan wayoyi. Aka tsaya a tsuntsu ɗaya. Shi ma sai da Wilmer ya tilasta masa ya rubuta umarnin sa shi da kansa, ya yi kuskure sau huɗu, a na biyar tsuntsun ya fito a juye, kai ƙasa. Dariya har da hawaye.

Matsala ta taso ne a kan kundin ayyuka. Saura mako biyu, na leƙa nasa na ga abu huɗu kacal, duk aikin aji.

"Don Efraín, ina motocinka?"

"Wannan ai ba aikin jami'a ba ne, 'yata. Fentin tasha ne."

"Malama ta ce duk abin da mutum ya tsara."

Ya juya hularsa a hannu. "Ko na so, ba ni da hoton ko ɗaya. Mota ta zo, in yi, ta tafi. Ban taɓa tunanin wani zai tambaya ba."

Wilmer ne ya ce a nemo su. Ya ari motar ɗaukar kayan kawunsa, muka bi direbobi da tambaya. Yawanci an sayar da su, ko an lulluɓe su da sitika. Muka sami uku suna kan hanya har yanzu. Wata a Cantel an mai da ita shagon soya kaza, sunan Esperanza yana nan a bayanta, ya yi baƙi da hayaƙi. Ta ƙarshe a Olintepeque muka same ta, a bayan gidan wani tsohon direba, babu tayoyi, kabewa ta nannaɗe ta, kaji suna kwana a ciki. Don Efraín ya yaye ganye da hannu. Ga wani dogon tsuntsu kore, wutsiyarsa ta bi jikin motar har ƙofar baya, fentin ya dusashe amma ko gashi ɗaya bai ɓace ba.

Ya daɗe a tsaye. "Shekarar da aka haifi babbar 'yata na yi wannan," in ji shi. "Uwarta ce ta haɗa min koren, ni na kasa samo shi." Ya share ido da bayan hannu, ya ce wa Wilmer, "Ɗauki hoton mana, Injiniya, kafin kajin nan su caje mu kuɗin kallo."

Ranar gabatarwa Wilmer ya ce Don Efraín ne zai yi bayani, kuma ya ƙi jin wani uzuri. Don Efraín ya tsaya gaban aji, ya manta rabin abin da muka shirya, sai ya ba da labarin Doña Chabela da wayar da ta ce a kashe take. Malama Ondina ta rage mana maki saboda jadawalin Lahadi ya ƙi buɗewa, wanda laifina ne. Muka zo na biyu. Kundinsa kuwa ta riƙe shi mako guda, ta dawo da shi da tambayar ko zai yarda ya koya wa 'yan shekarar farko rubutun hannu sau ɗaya a wata. Ya ce zai yi shawara, ya fito waje ya zauna a kan matakala, ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

Mun gama tare bayan shekara biyu. Wilmer yana babban birni yanzu, a wani kamfani, ni ina aiki a gidan buga littattafai a nan Xela. Don Efraín ya sa tebur da kwamfuta a tsohuwar rumfarsa, yana yi wa masu gidan burodi da masu gyaran takalma ƙananan shafuka. Ba shi da sauri, kuma duk wanda ya zo ya san da haka. Makon jiya na bi ta wurin na tarar da shi da wata mai ɗinki, ta kawo hotunan riguna arba'in tana so a sa duka, shi kuma yana lallashinta ta zaɓi goma sha biyu. Ya ɗaga min hannu ya ce in dawo ranar Alhamis, yanzu yana da baƙuwa.